Turken da Baba Ya Zuba

Aikin maigidana a shekarar da sojoji suka koma bariki shi ne ya samu mota ya maka ta da ƙarfen bakin titi, sannan ya zagaya yana duba abin da ya rage. Idan mata suka tambaye ni a gidan biki me yake yi, sai in ce ma'aikacin gwamnati ne, in ja bakina in yi shiru. Ba cikakken injiniya ba ne, amma duk gari injiniya ake ce mashi, kuma ban taɓa ganin ya tsayar da wani ya gyara mashi ba.

Farar hula sun hau mulki da zafinsu, kowa yana son a ga aikinsa daga cikin mota. Sai aka ce za a sa shingen ƙarfe a kwanoni da kwalbatocin titin da ya fita gari ya nufi Batagarawa, irin dogon ƙarfen nan mai tudu da kwari da ke tare mota kada ta gangara rami. Maigidan ya ce mani ƙarfen kansa ba ya ba kowa wahala, ƙarshensa ne abin ji. Sai an ɗaure ƙarshen da kankare, in ba haka ba, mota na dukan tsakiya zai tuge gaba ɗaya ya bi ta ramin. Wannan ɗaurin magina ke ce wa turke. Shi kuma aikinsa ya gwada turken ya ga ko zai riƙe.

Wanda ya samu kwangilar, bara war haka atamfa yake sayarwa a kasuwa. Ba laifinsa ba ne, an ba shi ne ya karɓa. Ya dai yi hankali ya nemi magina na gaske, a cikinsu har da mahaifina. Baba a lokacin ya kusa ajiye cokalin gini, gwiwoyinsa sun fara ƙi, sai ɗan gyaran katanga a nan Ƙofar Ƙwaya in maƙwabci ya matsa. Da aka zo mashi da maganar, ya ce turke ɗaya kawai zai zuba, na kwanar da ke gaban babban kwalbati. Duk gidanmu mun san dalili, kuma ba wanda ya buɗe baki.

A kwanar nan Yaya ya rasu. Shi ne ɗan fari a gidanmu, motar haya yake ja tsakanin gari da ƙauyuka. Tun zamanin soja akwai wani tsohon ƙarfe a wurin, ƙarshensa a tsaye tsirara yana kallon motoci, ba wanda ya ɗaure shi. Wata rana da la'asar taya ta fashe mashi, motar ta nufi ƙarshen nan, ƙarfen ya shiga ta gaba. Baba ne da maƙwabta biyu suka je suka ɗauko shi.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba sai in yi mashi bayani. Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, kunya ce. "Wancan" yake ce mashi, da ya girma ya koma "mai motar nan". In Yaya ya shigo zaure, Baba ya ga wani abu a bango da ke buƙatar a duba. A zaman makoki ma Baba ne ke ba masu zuwa haƙuri, kai ka ce ɗan wani ne ya rasu shi ya zo taya zama. Ni a lokacin haushinsa na ji, wallahi, har na daina kai mashi ruwan alwala na ɗan lokaci, bai kuma nuna ya lura ba.

Ga kuma kunya ta biyu, ta surukai. Tun da aka ɗaura mana aure, maigidana bai taɓa haɗa ido da Baba ba. Takalmi tun daga bakin lungu yake cire shi. Ya durƙusa can nesa, ya gaishe da ƙasa, Baba ya amsa wa katanga, su ɗauki lokaci a haka suna tambayar gajiya da iyali da zafi, sannan kowa ya tsira da mutuncinsa. In akwai magana ta gaske, ta bakina take bi. Baba ya ce, "Ki ce wa injiniya ƙofar nan tasu tana son gyara," alhali injiniyan na durƙushe a gabansa yana ji. Ni kuma in juya in maimaita, shi ya ce, "Ki ce an gode." Na yi shekaru ina wannan aikin tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa.

To yanzu ga Baba zai zuba turke, ga surukinsa zai gwada.

Wata rana maigidan ya dawo daga titi, na ajiye mashi tuwo, ya zauna yana kallonsa. Mutumin da ko zazzaɓi bai hana shi cin tuwo. Na ce, "Lafiya, ko an kore ku ne?"

Ya ce, "Na ga turken Baba."

"Bai yi ƙarfi ba?"

"Ina ma."

Sai ya ɗauki cokali ya kwantar a tabarma, ya ce wannan ne ƙarfen. Yadda aka tsara, ƙarshen zai lanƙwasa ne a hankali ya nutse cikin ƙasa, kankaren duk yana binne, ba abin da ya fito sama. In mota ta daki tsakiya, turken ya riƙe daga ƙasa. In kuma ta zo wa ƙarshen gaba da gaba, ta hau shi ta rage gudu, ta lalace dai, amma na ciki ya fito da ransa. Sai ya ɗauki kwanon miya ya kife a kan bakin cokalin. Ya ce wannan ne abin da Baba ya yi. Ya haƙa rami ya ninka abin da aka ce, ya ƙara rodi nasa na kansa, ya tada kankare har ƙirjin mutum, ya haɗiye ƙarshen ƙarfen a ciki. Ɗan kwangila ya gani ya yi murna, don ana hango shi daga nesa, har ya ce a shafa mashi farin fenti.

Na ce, "To ai ƙarfen ba zai ƙara soke kowa ba."

Ya ce, "Ba zai soke ba. Amma wanda ya daki abin nan a guje, ko asibiti ba za a kai shi ba. Dole a fasa shi."

Na ce, "To ka gaya mashi mana."

Ya dube ni kamar na ce ya je ya zauna a cinyar Baba. "Ni? Haba ke kuwa. Ke dai za ki je."

Na je. Ai ni ce mai baki a gidan, kowa ya sani. Na shiga na gaishe da Inna, na fito zaure na tarar da Baba yana wanke cokalin gininsa. Tun rasuwar Yaya ban ga fuskarsa a sake haka ba. Kafin in jera maganata ya ce, "Tashi mu tahi ki gani." Muka hau motar haya har kwanar. Ga abu nan fari fat a bakin titi, ya fi randar gidanmu girma nesa ba kusa ba. Baba ya zagaya shi yana ɗingishi, ya kai mashi mari da tafin hannu.

Ya ce, "Ko tifa ta zo da kayanta, nan za ta tsaya."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Ba ƙarfen da zai ƙara leƙo kai a wurin nan." Ya kalli ramin kwalbatin. "Da an yi haka tun farko."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan rasuwar Yaya, a gabana dai. Na buɗe baki in faɗi saƙon maigidan. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Baba." Ya ce amin, muka tsaya jiran motar komawa.

Da na dawo gida a kan maigidan na sauke. Na ce mashi kunyar nan tasu ta ishe ni, mutum da gemunsa ya kasa gaya wa tsoho magana ɗaya, sai ya tura mace. Na ce in kunya ce ai ni ma ina da ita, ba a kasuwa na tsinci fuskata ba. Ya bar ni na gama tas. Sannan ya ce, "Ranar gwaji ki zo." Na ce in zo in yi me, in riƙe maku mota? Ya ce in dai zo.

Ranar gwajin da hantsi muka isa. An tare titi da ganguna daga sama da ƙasa, don haka duk wanda aka tsayar ya sauko ya zama ɗan kallo: 'yan acaɓa, masu kai kayan miya gari, wasu mata da tallar fura. Ɗan kwangila ya zo da babbar riga mai sitaci, ya tsaya a inuwa don kada ta karye. Na samu gindin wata bishiyar bedi na tsaya. Baba na can gefen turkensa, hannu a baya.

Motar gwajin wata tsohuwar motar ofis ce da ta daɗe da mutuwa, ba inji mai tashi, ba gilashi, tayoyi ne kawai aka yi mata. An cika kujerunta da buhunan yashi don ta yi nauyin mutane, an ɗaure sitiyari da igiya. Yadda ake yi, tifa ce za ta turo ta daga saman gangare, in ta ɗauki gudu tifar ta taka birki, ita kuma ta tafi ita kaɗai ta samu abin da aka nufa da ita. Direban tifar wani dattijo ne Kirista, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta fi tawa Katsinanci. Ya leƙa motar, ya ce bai taɓa ganin direban gwamnati ba hula ba. Ya ciro wata tsohuwar hula daga cikin tifarsa ya kafa wa buhun da ke kujerar direba. Mutane suka yi dariya, har ni.

Aka turo ta. Ta gangaro tana ƙara, ta daki tsakiyar shingen a karkace. Ƙarfen ya lotsa, ya yi kuka, ya goge mata gefe ɗaya, ya maido ta kan titi ta je ta tsaya can gaba. Turken Baba ko gezau. Direba na zaune da hularsa, ta ɗan karkace kawai.

Wuri ya ɗauki kabbara. Ɗan kwangila ya fito daga inuwa ya kama hannun Baba da hannu biyu yana girgizawa, yana cewa, "Malam, wannan ai gini ne na jikoki." Baba ya sunkuyar da kai, amma na ga murmushi a gefen bakinsa. Maigidana ya zo ya durƙusa ya auna gindin turken, ya miƙe ya dube ni ya ce, "Ki ce wa Baba ya riƙe." Na juya na ce, "Baba, an ce ya riƙe." Baba ya ce, "Ki ce na ji."

Gwajin da aka turo su yi ke nan, an gama. Masu ganguna har sun fara mirgina su. Sai na ji maigidan ya ce wa direban tifa a sake jan motar sama, a kwance igiyar sitiyari a ɗaure ta yadda za ta zo wa turken gaba da gaba. Ɗan kwangila ya ce, "Injiniya, ba an gama ba?" Ya ce saura ɗaya. Bai kalle ni ba, bai kalli Baba ba. A nan na gane abin da ya sa ya ce in zo. Maganar da ya kasa faɗa da baki ce zai faɗa da mota, kuma yana son in kasance kusa da Baba in ta fito. Na bar gindin bedin na matso.

Baba ma daɗi ya ji. Ya ce mani, "Bari ya gwada, ai hakkinsa ne." Aka matsar da mu baya.

Ban iya kwatanta ƙarar ba, kuma ba zan gwada ba. Na dai ji ta a haƙorana. Motar ta zo ta tsaya cak, bayanta ya ɗaga sama ya dawo. Turken bai motsa ba, fentin ne kawai ya ɗan goge. Gaban motar kuwa babu shi, ya koma cikin kujeru.

Aka sake kabbara, ta fi ta farko. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Kai! Wannan tsoho ba dama!" Ɗan kwangila na neman hannun Baba ya sake girgizawa, amma Baba ya riga ya tafi. Yana ɗingishi ya nufi motar, ni ina binsa. Ya duba turkensa tukuna, ya shafa inda fentin ya goge. Sannan ya zagayo ɓangaren direba ya leƙa ta taga.

Sitiyarin ya shige cikin buhun har rabi. Hular na ƙasa wajen birki. Buhun ya yage daga ƙirji, yashi na zuba siriri, yana bin kujera, yana fita ta ƙasan ƙofa yana taruwa a kan kwalta kusa da takalmin Baba. Ba ya sauri, ba ya tsayawa.

Baba ya tsaya yana kallo. Ni ban je wurin ba ranar da aka ɗauko Yaya, ban san abin da ya gani ta tagar waccan motar ba, kuma bai taɓa faɗa ba. Sai na ga ya zura hannu ta taga ya dafe inda buhun ya yage, ya danne da tafin hannunsa. Yashin ya ci gaba da fita ta tsakanin yatsunsa. Ya ƙara hannu na biyu. A nan ne ya kira sunan Yaya. A hankali, sau ɗaya, yadda ake kiran mai barci in ba a son ya firgita. Tun da nake ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, har sai da na ɗan yi tunani kafin in gane wa yake kira.

Ni kaɗai na ji, sai maigidana da ya zo ya durƙusa a bayanmu. Can baya mutane na ta hayaniya, ɗan kwangila na gaya wa wani yadda ya zaɓo magina da kansa.

Da buhun ya kusa ƙarewa Baba ya zare hannuwansa ya karkaɗe a jikin riga. Ya juyo. Na gyara tsayuwa ina jiran a ce "ki ce wa injiniya". Bai ce ba. Ya dubi maigidana ido cikin ido ya ce, "Har ina za a sauke shi?"

Maigidan ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ɗora tafin hannu a kan ƙasa ya ce, "Har nan, Baba. Na cikin ƙasan yana da kyau, shi za a bari. Ƙarfen ne za a lanƙwaso ya shiga."

Baba ya ce, "A ba ni guduma."

Ɗan kwangila ya kusa yaga rigarsa. Ya ce wane irin abu ne wannan, aiki ya ci gwaji sau biyu a gaban jama'a sannan a ce za a fasa? Baba ya miƙa hannu yana jiran gudumar. Direban tifa ya je ya ɗauko babbar guduma ya miƙa, ya kuma ɗauko hularsa daga cikin motar ya kaɗe ya sa a aljihu, bai ƙara wasa ba. Baba ya ɗaga ya sauke. Gudumar ta yi tsalle ta dawo, ɗan ɓalli kamar ƙwayar gyaɗa ya faɗo. Ya sake. Maigidana ya tuɓe rigar ofis ya nemo wata gudumar ya tsaya ta ɗaya gefen. Sun daɗe suna zuwa wurin nan kafin su kai shi ƙasa, su da leburori, don kankaren na kirki ne, Baba bai yi ha'inci ko na cokali ɗaya ba. Yau in ka bi titin ba abin da za ka gani a kwanar, ƙarfe ne kawai ya sunkuya ya shige ƙasa, ciyawa ta rufe wurin.

Ni dai a ranar na bar su suna dukan abu, na hau mota na koma gari. Ban wuce gidana ba, na sauka Ƙofar Ƙwaya. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo. Ta ce, "Ya riƙe?" Na ce ya riƙe, kuma ana fasa shi. Na zauna a bakin turmi na ba ta labari tun daga hular har gudumar. Ba ta daina tankaɗe ba. Da na zo wurin buhun na ce, "Inna, Baba ya kira sunansa."

Rariyar ta tsaya. Ita ma ɗan farinta ne, ita ma ba ta taɓa kira ba, "ɗan nan" take cewa. Ta ce, "Da bakinsa?"

Na ce da bakinsa.

Ta kalli garin da ke cikin ƙwarya ta daɗe. Sannan ta ce, "Ta yaya ya faɗa? Faɗa mani yadda ya faɗa."

Sai a lokacin na tuna ni ma ban taɓa faɗa ba. Yaya nake ce mashi tun ina koyon magana, haka duk ƙannena. Mutum ya yi rayuwarsa duka a gidan nan, sai a tasha kawai ake kiran sunansa. Na gyara murya, na faɗa a hankali, yadda Baba ya yi.

Inna ta ajiye rariyar a kan ƙwarya. Ta ce, "Ƙara."